Zagin Da Muke Yi Wa Kanmu



Akwai wani zagi da ba a kai ƙararsa wajen mai unguwa, ba a kuma samun mai shiga tsakani, saboda mai zagin da wanda ake zagi mutum ɗaya ne. A kansa nake so mu yi magana yau. Duk wanda ya kasa kunne a wuraren da matasa ke neman na kansu a yankinmu na Kano, daga rumfunan gyaran waya na Farm Centre zuwa shagunan ɗinki na Gyaɗi-Gyaɗi, daga tashar Unguwa Uku zuwa layukan Kasuwar Tarauni, zai ji shi. Yaron shago ya ba da canji ya zarce da naira 200, kafin maigidansa ya buɗe baki har ya ce, "Kai, ni dai jaki ne wallahi." Mai koyon ɗinki ta yanka yadi ya karkace, ta ajiye almakashi ta ce, "Ni komai na taɓa sai ya lalace." Ɗalibi ya duba sakamakon jarrabawa a waya, ya mayar da ita aljihu ya ce, "Dama na sani, irina ba ya ci."

Wanda ke fitowa fili ke nan, kuma shi ne kaɗan. Mai yawan yana ciki. Ya fi tasowa da dare, in an ɗauke wuta gida ya yi tsit, mutum ya kwanta yana tono kurakuransa na yau da na shekarun baya, yana yi wa kansa faɗan da ko maƙiyinsa zai ji nauyin yi masa.

Daga ina muryar zagin nan ta fito?

Ba a haifi kowa da kalmar "sakarai" a baki ba. In muryar nan ta taso ka saurare ta da kyau, za ka ji ba baƙuwa ba ce. Kalmominta ka san su, har salon faɗinsu ka sani. "Dubi ɗan gidan Alhaji, sa'anka ne fa." "Ba ka da zuciya." "An yi asarar ragon suna." "Haka za ki je gidan miji ki ja mana zagi?" Wani a bakin Baba ya ji su, wata a bakin Umma, wani a bakin yaya ko matar uba ko malamin da ya riƙe shi. An faɗa an sake faɗa, har ta kai ba a bukatar mai faɗin a kusa. Ka tafi jami'a, ko ka tafi Legas neman kuɗi, ko ma Allah ya yi wa mai maganar rasuwa, amma maganar tana nan. Yanzu da bakinka ake yin ta.

Wani masanin halayyar yara ɗan ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya yi bayanin yadda hakan ke faruwa. A wajensa zancen zuci daga waje yake farawa: yaro yana jin yadda manya ke yi masa magana, sai ya riƙa maimaitawa a fili in yana wasa shi kaɗai, daga baya maganar ta nutse ciki ta zama tunaninsa. Ba sai an je Rasha za a ga haka ba. Ki tsaya a tsakar gidanku ki kalli 'yar shekara huɗu da 'yar tsanarta. Za ta goya ta, ta sauke ta, ta ɗaga yatsa ta tsuke fuska ta ce, "Ƙazama kawai! Sau nawa zan faɗa miki?" Har tsakin da ake ja a ƙarshe ba ta mantawa. Kowa a gidan zai yi dariya, don an gane muryar wa ta ɗauko. Nan da shekara goma sha biyar 'yar tsanar ta ɓace, faɗan ya koma kan mai ita.

Mu yi wa iyaye adalci

Kada wani ya ɗauki maganata ya je ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya. Mafi yawan iyaye ba ƙiyayya ce ta sa su ba, tarbiyyar da aka ba su suka bayar. Sun taso suna jin cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ka ƙi naka duniya ta so shi. Sun yarda cewa in ka yabi yaro a gabansa kansa zai kumbura, in ka yabe shi a gaban mutane baki zai kama shi. Ga kuma kunyar ɗan fari, mai hana uwa ko kiran sunan ɗanta, balle ta nuna tana alfahari da shi. Tsohuwar al'ada ce. Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayaninta. Sai dai a wancan zamani gida cike yake da masu cike giɓi. Uwa ta kau da kai, kaka ta jawo yaro ta kira shi maigidanta, ta ɓoye masa ƙanzo. Yarinya kuma ta zama kishiyar da ake tsokana ana ba ta abin daɗi. A gidan haya mai ɗaki biyu a Darmanawa ko Daurawa, sau da yawa kakar tana ƙauye. Faɗan ya biyo mu birni, lallashin ya tsaya a can.

Sai wahalar rayuwa. Iyayen da yawanku sun yi ƙuruciya ko samartaka a zamanin tsuke bakin aljihu na shirin SAP da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986, sun ga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Yau kuma, tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafin cefane kaɗai ya ishe su. Uban da ya wuni a cikin adaidaita sahu tsakanin Dangi da Unguwa Uku, kuɗin da zai kai wa mai babur bai cika ba, in ya dawo ya tarar an ɓarar da man gyaɗar da aka sayo da safe, abin da zai fito daga bakinsa gajiya ce da tsoro. Tsoronsa kada ka tashi ba ka iya riƙe kanka ba a duniyar da ya san ba ta da sauƙi.

Abin kuma ba na gidanku kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 da tallafin UNICEF ya gano cewa a Najeriya kusan yaro 1 cikin 5 da yarinya 1 cikin 6 sun sha muzantawa mai karya zuciya daga iyaye ko masu riƙo ko dangi kafin su kai shekara 18.

Amma kyakkyawar niyya ba ta hana magana yin rauni. A Amurka, Ming-Te Wang na Jami'ar Pittsburgh da Sarah Kenny sun bibiyi iyalai 976, suka fitar da sakamako a 2013. Yaran da ake yi wa tsawa da zagi suna shekara 13, zuwa shekarar gaba alamun ƙuncin zuciya sun ƙaru a tare da su, rashin jinsu ma ƙaruwa ya yi maimakon ya ragu. Ko a gidajen da ake nuna ƙauna sosai, ƙaunar ba ta shafe illar zagin ba.

Malamanmu sun riga su faɗa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, a inda ya yi magana kan tarbiyyar yara cikin Ihya'u Ulumid Din, ya shawarci uba ya yabi yaro in ya yi abin kirki, ya kau da kai a kuskuren farko, in ya sake a tsawatar masa a asirce, kada kuma a yawaita zargi, don yawansa na sa yaro ya saba har magana ta daina ratsa shi. Sama da wannan, Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuma shaida, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa ko tsaki bai taɓa yi masa ba, bai taɓa tuhumarsa kan abin da ya yi ko ya bari ba. Ashe zagin yaro daga al'ada da gajiya ya zo, addini bai koyar da shi ba.

Hujjoji uku da muryar ke kare kanta da su

Ranar da ka yi niyyar rabuwa da ita, ba za ta tafi salin-alin ba. Hujjarta ta farko ita ce: "In ka daina yi wa kanka faɗa za ka lalace."

To, mu duba abin da ke faruwa a zahiri. Yaro a Farm Centre, bai daɗe da fara koyo ba, an ba shi waya ya canja mata gilashi. Ya ɗumama ta gam ya saki, ya zura 'yar siririyar roba yana ɗagawa a hankali, sai hannunsa ya zarce ya tsinke igiyar da ke haɗa gilashin da cikin wayar. In zuciyarsa ta ce masa "jaki," me zai yi? Zai rufe wayar ya yi shiru, ko ya ce haka aka kawo ta. Gobe in an miƙo irinta, zai ce ana kiransa a waje. Shekara ta zagayo yana nan yana sayar da caja, abokin da suka fara tare ya kama rumfarsa. In kuwa abin da ya ce wa kansa shi ne, "Na sa ƙarfi a gefen da igiyar take, ban duba ba kafin in ɗaga," to yana da abin da zai kai wa maigidansa, yana da tambayar da zai yi, kuma da wuya ya sake tsinke ta a wannan gefen. Asarar ɗaya ce, kuɗin gyaran ɗaya ne. Na farko ya yanke wa kansa hukunci, na biyu ya gano inda hannunsa ya kauce.

Masu bincike sun gwada wannan. A 1999 Melissa Kamins da Carol Dweck sun nuna cewa ƙananan yaran da aka kushe su kansu sun fi saurin karaya da ganin kansu a matsayin marasa kirki, fiye da waɗanda aka nuna wa inda aikin ya kauce. A 2012 kuma, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Juliana Breines da Serena Chen sun ba ɗalibai jarrabawa mai wuya. Waɗanda aka tunatar da su sassauta wa kansu bayan sun sha ƙasa, su ne suka fi daɗewa suna karatu kafin zagaye na biyu. Bukhari ma ya ruwaito cewa an kawo wani da ya sha giya aka hukunta shi, sai wani cikin jama'a ya yi masa mugun baki. Annabi (SAW) ya hana, ya nuna cewa hakan taimaka wa Shaiɗan ne a kan ɗan'uwansu. In an hana a yi wa mai laifi na gaske haka, ina ga kai da lissafi kawai ya kayar?

Hujja ta biyu takan zo da kamannin addini: "Ai tawali'u ne, yabon kai jahilci." Gaskiya ne yi wa kai hisabi halin magabata ne, har akwai malamin Bagadaza, Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a 857, da ya samo laƙabinsa daga yawan binciken kansa. Amma hisabi yana da ƙa'ida. Ku tuna sharuɗɗan tuba da aka koya muku a Islamiyya: ka bar laifin, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, in haƙƙin wani ne ka mayar masa. Abu ne mai farko da ƙarshe, kuma a kan wani aiki takamaimai yake. Zagin kai ba ya ƙarewa, ba ya ambaton aiki, ba ya biyan kowa haƙƙinsa. Ga yadda za ka bambanta su. Tunanin da ya tashe ka ka je ka ba da haƙuri, ka gyara, ka sake buɗe littafi, hisabi ne. Wanda ya kwantar da kai ka kulle ɗaki, ka ji ko sallarka ba ta cancanci karɓa ba, waswasi ne. Aya ta 53 cikin Suratuz Zumar ta hana ko waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma hadisin Muslim ya gargaɗi mumini kan zaman da-na-sani, domin ƙofa ce da Shaiɗan ke shiga.

Hujja ta uku ta fi nauyi: "Iyayenka ne suka faɗa, kuma bakin iyaye ba ya faɗuwa ƙasa." Matasa da yawa na ɗauke da wannan a ɓoye. Kasuwa ta ƙi, su ce bakin Umma ne. Maganar aure ta lalace, su tuna abin da Baba ya ce tun suna aji uku. A nan sai a rarrabe abu uku. Umarninsu, in bai saɓa wa Allah ba, a bi. Addu'arsu, a neme ta. Kalmar da ta kuɓuce cikin fushi kuwa ba wahayi ba ce. Ayoyi na 23 da 24 cikin Suratul Isra'i sun umarce ka da kyautata musu, da tausasa harshe, da roƙa musu rahama. Ba su ce duk sifar da suka ba ka cikin ɓacin rai ta zama gaskiyarka ba. Lallai Annabi (SAW) ya hana iyaye yi wa 'ya'yansu mummunar addu'a don kada ta dace da lokacin amsawa, kuma wannan gargaɗi ne gare su. Amma Ibn Kasir, a tafsirin aya ta 11 cikin Suratu Yunus, ya bayyana cewa yana daga haƙurin Allah da tausayinsa ga bayi, rashin amsa musu mugun roƙon da suke yi wa kansu da dukiyarsu da 'ya'yansu cikin fushi, don Ya san ba da nufi suke yi ba. In ka san ka saɓa musu, je ka durƙusa ka ce, "Umma, ki yafe min, ki sa min albarka." In ta ce Allah ya yi maka albarka, ka riƙe wannan. Uwa ɗaya ce ta faɗi biyun. Don me za ka haddace ta fushi ka manta ta albarka?

Abin yi

Fara da tsare maganar ka tambaye ta hujja. Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania, ya lura tun shekarun 1960 cewa masu ciwon damuwa na da wasu tunane-tunane masu faɗowa da kansu cikin sauri, mutum ya yarda da su ba bincike. Hanyar maganin da ya gina a kan wannan, wadda asibitocin duniya ke amfani da ita har yau, takan fara da rubuta tunanin. Ki samu ɗan littafi ko ki buɗe wayarki, ki rubuta abin da muryar ta ce kalma da kalma, da abin da ya faru kafin ta taso, da bakin da kika fara jin sa. Sannan ki kula da "kullum" da "komai" da "ko sau ɗaya" da "har abada," domin a nan ƙaryar take ɓuya. Komai kika taɓa sai ya lalace? To wa ya ɗinka kayan sallar ƙannenki da aka yi ta tambayar telan?

Na biyu, ki duba mudunki. A Kasuwar Tarauni in mai awo ya auna miki shinkafa da mudun da aka buge gindinsa, ba za ki yarda ba. Amma ke mudu biyu kike riƙe da su: cikakke har da gyara ga ƙawarki, bugagge ga kanki. In ita ce JAMB ta kayar, za ki ce, "Haba, ba kanki farau ba, sai ki sake shiri." In ke ce, sai "daƙiƙiya." A jarrabawar 2024, kusan kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka zauna ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ɗan gidan Alhajin da ake nuna miki yana cikin 'yan tsiraru, kuma ba ki san me ake ce masa a nasu gidan ba. Kristin Neff ta Jami'ar Texas, wadda tun 2003 take nazarin tausayin kai, ta ce ya ƙunshi abu uku: yi wa kai magana mai laushi, tuna cewa kuskure na kowane ɗan Adam ne, da kallon ɓacin rai yadda yake ba a ƙara masa ba a rage ba. Babu neman uzuri a ciki. Ethan Kross na Jami'ar Michigan kuma ya nuna a 2014 cewa wanda ya kira kansa da sunansa cikin zancen zuci ya fi samun natsuwa in abu ya tsananta. Gwada shi. Kira sunanka yadda yayan da ke sonka zai kira, ka ce, "Natsu, me ya faru? Me za a gyara?"

Na uku, kowane kuskure ka nemo masa aikin yi. Masu tarihi sun kawo cewa malamin nahawun nan Sibawaihi ya fara ne da neman hadisi a Basra wajen Hammad ɗan Salama, ya yi kuskuren nahawu a zaman karatu, malam ya gyara masa. Kunya ya ji, amma sai ya tashi ya lizimci Khalil ɗan Ahmad, ya bar wa duniya littafin nahawun da har yau ake ce wa al-Kitab. Ka tambayi kanka abin da ka rasa, da wanda za ka same shi a wajensa.

Na huɗu, ka yi hattara da wayarka. A da sai Baba ya dawo gida ake cewa dubi ɗan gidan wane. Yanzu Facebook da TikTok na faɗa maka tun kafin ka wanke fuska. Hoton mota suke nuna maka, ba sa nuna bashin. Shafin da duk ka leƙa sai ka fito kana raina kanka, ka rabu da shi.

Na biyar, ka nemi babba mai bakin alheri, kawu ko gwaggo ko malami ko maigida, wanda in ka yi daidai zai faɗa, in ka kauce zai gyara ba tare da ya muzanta ka ba. Ka riƙa zama kusa da shi. Da jin ta yau da gobe waccan murya ta shiga, wannan ma haka za ta shiga. Kada ka zaci abin da ya yi shekara ashirin yana zama zai tashi a mako guda. Zai riƙa dawowa, musamman in ka gaji ko aljihu ya bushe. Ci gaban shi ne ka gane shi da wuri, ka ƙi ba shi wurin zama.

A faɗa wa iyayen?

Ya danganta da gida. Inda akwai fuska, a zaɓi lokacin da rai ke kwance, ba tsakiyar faɗa ba, kuma ba a gaban ƙanne ba. A roƙi abu ɗaya ƙarami maimakon tono tarihi: "Umma, in na yi ba daidai ba ki kira ni ɗaki ki faɗa min. In a gaban baƙi ne, rasa inda zan sa kaina nake yi." Inda babu fuska, a bi ta hannun kaka ko gwaggo ko aminin Baba. Inda kuma abin ya wuce faɗa ya kai ga cutarwa, lallai a sanar da babban da aka amince da shi, yin shiru a nan ba biyayya ba ce.

Kada ka jingina warakarka ga ranar da Baba zai ce ka yi haƙuri. A gidajenmu da wuya babba ya furta haka. Ban haƙurinsu yakan zo ne a "Ka ci abinci kuwa?" ko a ƙarin nama cikin kwano, ko kuɗin mota da aka miƙo ba ka tambaya ba. Ka koyi gane shi in ya zo. Kana iya yafe musu ka kuma ƙi yarda da abin da suka kira ka. Biyun ba sa karo.

In abin ya wuce nan

Wani lokaci nasiha ba ta isa. In ka yi mako biyu ko fiye zuciyarka a ƙuntace, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ya fita ranka, abin da ke faranta maka a da ya daina, wannan na iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. In har ta kai kana jin gara ka mutu ko kana tunanin cutar da kanka, kada ka kwana da shi kai kaɗai: ka faɗa wa wani yau, a raka ka asibiti. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da aka kafa a 1988, yana nan kan titin Zariya, kusa da mu, kuma yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka, ba kuma rashin tawakkali ba ne; a yi addu'a, a nemi magani. Ƙasar ma ta fara gane haka: a watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwa ta 1958.

Abin da ba magani ba shi ne kwalba da ƙwaya. Kun san ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi wa matasan Kano kafin gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Wasu don su sa muryar nan ta yi shiru suka fara. Takan yi shirun na 'yan awoyi, ta dawo da sabon abin zagi a hannu.

Ƙannenku na jin ku

Ku ma yanzu manya ne a wajen wasu. Ke ce yayar da ke duba aikin makarantar ƙaninki, kai ne mai biya wa yara karatu a Islamiyya, gobe kuma ku ne iyaye. Ranar da yaro zai ɓarar da koko a kan kayan da kika gama gugewa, kalmar da za ta fara zuwa bakinki ita ce wadda aka faɗa miki, da muryar da aka faɗe ta. Ki haɗiye ta. Ki ambaci aikin, ki bar yaron: "Ka zubar da koko, ɗauko tsumma mu goge, gobe ka riƙe da hannu biyu." In ya yi abin kirki ki faɗa masa a kunnensa, ki haɗa da masha Allah in baki kike tsoro. In ta kuɓuce miki kika zage shi, ki kira shi daga baya ki ce bai kamata ba. Girmanki ba zai ragu ba. Abin da aka yi shekaru ana miƙawa daga uwa zuwa 'ya, daga uba zuwa ɗa, yana iya tsayawa a kanku.

Allah ya gafarta wa iyayenmu, ya jiƙan su kamar yadda suka raine mu muna ƙanana, ya saka musu da alheri kan wahalar da suka sha. Allah ya tsare harsunanmu daga cutar da na ƙasa da mu, da cutar da kanmu. Amin.